Koke zuwa ga mai girma Hakimi kan burtali, maƙabarta da dajin ƙauyenmu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu talakawanka ne na ƙauyen nan da ke bakin fadama, manoma da 'yan uwanmu Fulanin ruga. Mun kai kuka wajen mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya ce abin ya fi ƙarfinsa, shi ne muka zauna ƙofar masallaci bayan isha'i muka ce gara mu rubuto maka tun damina ba ta faɗi ba.

Ranka ya daɗe mutane sun yi yawa, ƙasa kuma ba ta haihuwa. Rabon da a ƙirga mu tun ƙidayar 2006, wadda aka ce za a yi a 2023 ma ɗagewa aka yi, yaran da aka haifa shekarar ƙidayar yanzu wasunsu sun yi aure har da goyo, wallahi masu allurar shan inna da ke rubuta lamba da alli a ƙofar gida sun fi kowa sanin yawanmu. Gandun da kaka ɗaya ya noma ya ci da gida guda yau an raba gado an sake rabawa, wani abin da ya samu ko kwana biyu bai yi yana noma ya gama. Da can ana barin saura ta huta, yanzu wa zai bar gona ta huta alhali yara na jiran tuwo? Sai dai taki, buhun kuwa kowa ya san kuɗinsa. Shi ya sa da an gama girbi samarin sai Kano, sai Abuja, sai Legas.

Maganar burtali ba za mu ɓoye maka ba, mu manoma da laifinmu a ciki. Kowace shekara garma sai ta ci kunya ɗaya ta nan, ɗaya ta can, hanyar da garke ke wucewa a sake yau shanu biyu ba sa jerawa, mashayar ma an zagaye ta da lambun albasa da tumatir. To ta ina dabba za ta bi? Dole ta faɗa gonar wani, daga nan sai cacar baki, sai sanda, sai ofishin 'yan sanda, mutanen da muke cin kasuwa ɗaya, matansu ke kawo mana nono, shanunsu ke kwana a gonakinmu da rani su bar mana taki.

Amma abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne dajin gabas, inda ake kiwo mata ke samo itace. Kwanan nan sai ga wasu dillalai daga birni da mota da tef suna awo, an kakkafa turakun siminti wai an sayar za a yanka fuloti, har an fara sare gawo da ɗorawa, ɗorawar da muke daddawa da ita. Wa ya sayar? Babu mai cewa shi ne. Yaranmu da suka yi boko sun ce a dokar filaye ta 1978 ƙaramar hukuma ce ke da ikon bayar da filin karkara, ba dillali ba, kuma tun 1965 akwai dokar keɓe wuraren kiwo a Arewa. Mu dai ba mu ga takarda ko ɗaya ba.

Maƙabarta kuma ta cika, ana haƙa ana tarar da tsohon kabari.

Don Allah ranka ya daɗe muna roƙo ka turo wakili tare da ma'aikacin filaye na ƙaramar hukuma, a kira dagaci da arɗo da dattawan da suka san iyaka tun suna raye, a bi burtalin nan ƙafa da ƙafa a kafa alama, wanda ya ci ya mayar ko da ɗaya daga cikinmu ne. A tsayar da awon dajin sai an nuna takarda a gabanka, a yankar mana gefe ɗaya don maƙabarta. In da hali a yi kafin ruwan shuka, don in iri ya shiga ƙasa ba wanda zai yarda a taɓa masa kunya.

Allah ya taya ka riƙo.

Talakawanka,
manoma da makiyayan ƙauyen.