Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyar Masu Shuka a Buhu da Tukwane

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne. Godiya ta tabbata ga Allah da ya sake haɗa mu lafiya. Kwamiti ya ɗora mini alhakin rubuta abin da muka yi daga hunturun bara zuwa ƙarshen daminar nan, kuma zan kawo shi yadda ya faru, da daɗinsa da ɗacinsa.

Mun buɗe shekara da taron haɗa ƙasa. Yawancinmu a cikin birnin Kano muke, a gidajen da aka malale tsakar gida da siminti, babu inda fartanya za ta shiga. Gonarmu ita ce buhun shinkafa, bokitin fenti, jarkar da aka yanke, da tsohuwar randa. Haɗin da muka tsaya a kai shi ne ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1, sai yashi ko ɓuntun shinkafa kashi 1. A kan takin ne muka fara yin asara. Wasu sun zuba ɗanyen kashin kaji kai tsaye, dashen ya ƙone cikin 'yan kwanaki. Kashin kaji zafi gare shi, sai an tara shi ya yi watanni yana ruɓewa. Na awaki da tumaki ya fi sauƙin sha'ani.

Ganye kam ya rufa mana asiri. Alayyafo ba ya wuce mako 4 zuwa 5 an fara yanka, in kuma aka bar masa gindi sai ya sake tofowa. Salak da lansir sun yi kyau a sanyin Disamba da Janairu. Rama, yakuwa, lalo da kuɓewa sun cika buhuna da damina. Zogale ma ya zauna a babban bokiti ga waɗanda suka riƙa datse kansa don ya yi rassa. A zagayen duba gidaje da muka yi, gida bayan gida an nuna mana tukunyar miyar da ganyenta bai fito daga kasuwar 'Yan Kaba ba. Ni dai wannan ya fi komai faranta mini rai a shekarar nan.

Tumatir ne ya ba mu wahala, kuma ina so mu faɗa wa juna gaskiya a kansa. Kowane sabon memba da tumatir yake son farawa, domin shi ne ke cinye kuɗin cefane. Amma waɗanda suka yi dashe a makare, cikin Fabrairu, furensu ya haɗu da zafin Afrilu, lokacin da Kano ke kai maki 40 a ma'aunin zafi. In zafi ya haura 35, furen tumatir zubewa yake yi ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. Ganye ya yi shar, 'ya'ya babu. Ga kuma tsutsar nan da manoman Kadawa da Kura ke kira sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ita ce ta cinye gonaki a 2016 har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Katangar gida ba ta hana ta shiga. Tana cin ganye ta ciki, shi ya sa feshin sama ba ya cika kama ta. Abin da ya ɗan taimaka shi ne tsinke duk ganyen da ya yi farin tabo a ƙone shi, da fesa ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da yamma. Wannan ruwan ya fi yi mana aiki a kan ƙwarin darɓa da farin ƙuda.

Membobinmu da ke zaune a bene ko ɗaki ciki da falo sun gwada shuka a bakin taga. Na'a-na'a da lawashi sun jure, ɗoɗɗoya ma ta yi a tagar da rana ke shiga sosai. Tattasai da tumatir kuwa sai suka miƙe sirara suna neman haske, domin suna buƙatar rana ta aƙalla awa 6 a wuni. Shawarar kwamiti ita ce mai ƙarancin rana ya tsaya a kan kayan ƙamshi, kada ya ɓata irinsa.

Ruwa ya zo mana ta fuska biyu. Da bazara kuɗin 'yan garuwa ya sa wasu sun bar buhunansu sun bushe. Waɗanda suka tsira su ne masu tara ruwan alwala da na wankin shinkafa, suna bayi da asuba ko bayan la'asar, suna rufe saman ƙasa da busasshiyar ciyawa. Ruwan wanki mai omo dai a guje shi. Mun kuma lura baƙin bokiti yana dafa saiwa in rana ta buɗe, tukunyar ƙasa kuwa tana riƙe sanyi. Da Agusta ta zo, sai matsalar ta juye, duk mazubin da ba a huda ƙasansa ba ya tara ruwa, saiwa ta ruɓe. Laifin namu ne a kwamiti, ba mu jaddada maganar huda ba a taron farko.

Musayar iri ta gudana, kuma irin alayyafo, kuɓewa da yakuwa da iyayenmu mata suka adana ya tsiro sosai. Wanda aka cire daga tumatirin fakiti mai alamar F1 bai yi kama da uwarsa ba, haka irin aure yake, don haka kada a sake ajiye shi. Bayanin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, za ta karanta shi bayan wannan.

A shekara mai kamawa kwamiti na neman amincewarku a kan renon tumatir da tattasai na haɗin gwiwa a watan Oktoba, a raba dashe cikin Nuwamba, don a ci moriyar hunturu gaba ɗaya. Muna kuma son kowane sabon memba ya fara da buhun alayyafo kafin a ba shi dashen tumatir. Mai busasshen iri ya zo da shi zama na gaba a ƙunshe cikin takarda, da sunan irin a jiki.

Wassalam.
Sakatariya, a madadin kwamitin gudanarwa.