Karyayyen haƙori ba a rufe shi da zinare

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina, da alhazan da ke zuwar mana kowace shekara, a kan wani abu da ya same ni sau biyu, na farko a bakina, na biyu a bakin ɗana.

Ni tela ne, na haura shekara 30 ina zaune a Sharar Mansur, a nan Makka. Ɗana na biyu, mai shekara 23, yana aikin kai saƙon abinci a kan dabbab, wato babur. A watan Sha'aban da ya wuce, bayan sallar isha'i, tayarsa ta zame a kan ruwan da aka malalo a titi, ya kifa da fuska a kan dakali, lungu biyu tsakaninsa da gida. Ko da na iso, jini ya cika masa baki. Haƙorin gaba na sama guda ɗaya ya fita ɗungurungum har da saiwarsa, na kusa da shi kuma ya ɓalle rabi. Jama'a sun taru, kowa da shawararsa: wannan ya ce a kawo kanumfari, wancan ya ce gishiri da ruwan ɗumi. Wani yaro ya tsinto haƙorin ya naɗe shi a mandil, wato tishu, ya miƙo mini, na kusa jefa shi aljihu.

Allah ya kawo wata maƙwabciyarmu, dattijuwa, wadda ta yi shekaru tana aiki a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, na haƙori. Ta karɓe mandil ɗin ta ce, "Malam, kada kowa ya taɓa saiwar nan." Ta aiki yaro bakala, wato kantin unguwa, ya sayo halib, ta jaddada masa cewa madara tsagwaronta take so, ba laban mai tsami ba. Ta riƙe haƙorin ta farin kansa, ta ɗauraye shi da madarar ba tare da ta cuɗa ko ta kankare ba, ta tabbatar yaron yana cikin hayyacinsa, sannan ta mayar da haƙorin raminsa ta danna a hankali, ta ce ya ciji hankici. Guntun ɗayan, da aka samo a ƙasa, ta jefa cikin sauran madarar. Wallahi a lokacin hankalina bai kwanta ba, har na buɗe baki zan hana ta. Ban taɓa jin an mayar da haƙori baki ba.

Ba mu cika minti 40 ba muna gaban likita. Shi ne ya yi mini bayanin abin da baiwar Allahn nan ta yi. Ya ce a jikin saiwar haƙori akwai wata siririyar tsoka mai rai wadda ke ɗaure shi da ƙashin muƙamuƙi. Idan haƙori ya fita ya bushe, tsokar nan takan fara mutuwa nan take. Wanda aka mayar cikin minti 15 zuwa 30 shi ya fi samun damar kamawa, wanda kuwa ya yi minti 60 a bushe, kusan duk rayuwar da ke jikin saiwar ta tafi. Ruwa zalla ba ya adana shi, kumbura tsokar yake yi har ta fashe. Na faɗi wannan ne saboda wani dattijo a wurin ya ce a tsoma shi a zamzam, da kyakkyawar niyya. Zamzam a ba wanda ya ji ciwo ya sha, amma haƙorin madara yake so. In babu madara, ruwan gishirin asibiti da ake sayarwa a saidaliyya, wato kantin magani, ya yi, in shi ma babu, mutum ya tofa yawunsa a kofi ya saka haƙorin ciki. Wannan duk haƙorin manya ake nufi. Haƙorin yaro na nono idan ya fita ba a mayar da shi, don kada ya lalata na dindindin da ke tafe a ƙarƙashi.

Aka ɗauki hoton haƙoran, aka ɗauki na leɓen ma, domin likitan ya ce guntun haƙori kan shige cikin leɓen da ya tsage a ɗinke da shi ba a sani ba. Sannan ya manna wata siririyar waya a jikin haƙorin da na kusa da shi, kamar yadda mai ɗori ke ɗaure karaya da kara, ya ce za ta yi mako 2. Wanda ya ɓalle kuwa, a tsakiyarsa akwai ɗan jan ɗigo, wato jijiyar ta bayyana. Ya rufe ta da magani, ya liƙa guntun da muka kawo a madara, har ba ka gane inda ya karye. Aka yi masa allurar tetanos tunda haƙorin ya taɓa ƙasa, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da na kurkurar baki. Kafin makon biyun ya cika, aka cire jijiyar haƙorin da aka mayar aka cike cikinsa, saboda a babban mutum jijiyar da ta tsinke ba ta komawa, in an bar ta ruɓewa take yi ta cinye saiwar. Kwanakin nan duk kunun gyaɗa da shorba da fate ya sha, ba tsire ba busasshen dabino.

Likitan bai yi mana alkawarin ƙarya ba. Ya ce haƙorin da aka mayar yana iya zama shekaru masu yawa, yana kuma iya yiwuwa jiki ya riƙa cin saiwar a hankali, shi ya sa sai an riƙa dubawa da hoto har tsawon shekara 5.

Yanzu ga nawa labarin, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara 14 da suka wuce ƙarfen ƙofar shago ya buge ni a baki, haƙorin gaba ya ɓalle kaɗan. Ya yi mini zogi kwanaki, ina danna kanumfari, sai ya daina. Na ɗauka an warke. Abin da ya rage yana damuna shi ne munin giɓin, sai na tafi wurin masu sa haƙorin Makka. Mutumin ya goge haƙorin da injinsa ya ɗora mini na zinare, bai ɗauki hoto ba, bai tambaye ni yadda aka yi ya karye ba. Bayan shekara biyu wani ƙurji ya fito mini a dasashi, ya fashe ya yi mugunya, ya lafa, ya sake dawowa. Ranar da fuskata ta kumbura har ido ya kusa rufewa na je asibiti, aka ce jijiyar ta daɗe da mutuwa, ƙwayoyin cuta sun ci ƙashin da ke kan saiwar, babu abin yi sai cirewa. Ashe ranar da zogin ya daina, ranar jijiyar ta mutu. Da ban rufe shi da zinare ba, da na ga ya sauya launi zuwa toka-toka, da an cire jijiyar an cike shi yana nan har yau. Dashen haƙori na ƙarfe da ake kafawa a ƙashi dubban riyal ne, ga jiran watanni kafin ya kama. Na ciri-ka-mayar nake sawa.

Ba na zagin haƙorin Makka. Iyayenmu sun sa shi don murnar sauke farali, kuma har gobe hajiyoyi na sawa. Abin da nake cewa shi ne, haƙorin da ya sha duka, ko ya karye ko yana girgiɗi ko ya nutse cikin dasashi, likita ne zai fara ganinsa, da hoto. Karayar ma wani lokaci a saiwa take, can ƙarƙashin dasashi inda ido ba ya kaiwa, kuma irin wannan ɗorinta kan kai mako 4 ko fiye.

Na san abin da ke hana mutanenmu zuwa asibiti a nan: wani ba shi da igama, wato takardar izinin zama, yana tsoro, wani kuɗin ne babu. Wannan gaskiya ce, ba zan yi kamar ban san ta ba. Amma muna da ƙungiyoyi a unguwanninmu da ke tara kuɗin biki da na jana'iza. Ina roƙon dattawanmu su ware wani abu don irin wannan gaggawa, su kuma san mustausaf na haƙori da ke buɗe da dare a kusa da su, tun kafin buƙata ta taso. Lambar 937 ta ma'aikatar lafiya ana samun shawarar likita dare da rana. Idan kuwa wanda ya faɗi ya suma, ko yana amai, ko maganarsa ta rikice, a bar batun haƙori a kira 997, motar agaji ta zo, kai ne a gaba. Matasanmu masu dabbab kuma su nemi hular kwano mai rufe haɓa, domin ta ɗana buɗaɗɗiya ce.

Malaman bita a gida su ma ina roƙonsu su ƙara wannan a cikin abin da suke koya wa maniyyata. Tsofaffi na zamewa a banɗakin masauki, ana turereniya a wurin jifa, kuma madara na nan a kowace bakala. Kai ma Edita, da za ka gayyato likitan haƙori ya yi wa masu karatu bayani da Hausa, da ka taimaka.

An cire wa ɗana wayar tun cikin azumi, haƙoran biyu suna nan daram, ya koma bakin aikinsa da sabuwar hula. Bayan Hajji za mu koma a sake ɗaukar hoto.

Wassalam.

Naka,
Wani tela, Sharar Mansur, Makka