Wai in marubucin Hausa ya gama littafi, ina zai kai shi?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, in ya yi tsawo a yi haƙuri, malamin makaranta ne ni, mu kuma in muka fara bayani sai an kaɗa ƙararrawa muke tsayawa.

Bara wata ƙanwata, 'yar ƙanin babanmu, ta zo gidana da leda cike da littattafan rubutu har guda bakwai, ta ce Yaya na gama labarin nan fa, yanzu ina zan kai shi? Wallahi sai na yi shiru. Shekara da shekaru ina koyar da Hausa a sakandare, ko daga barci ka tashe ni zan kawo maka tarihin Hukumar Fassara da gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da hukumar adabi ta NORLA da kamfanin wallafa littattafai na NNPC na Zariya da aka kafa a 1966, amma wannan 'yar tambayar ta yarinya ta gagare ni. Sai na fara kiraye-kirayen waya, wannan ya ce bari in turo maka lambar wane, wancan ya ce a'a kar ka kuskura ka je wajen wane, je ka wajen yaron ƙanin matata. Kowa da mutuminsa, babu wanda ya ce min ga takarda duba ka zaɓa.

A ƙarshe muka faɗa hannun wani mutum, ba zan faɗi suna ko unguwa ba, a jikin allon shagonsa an rubuta mawallafi da manyan baƙi, ashe injin buga takardu kawai gare shi, kalanda da katin biki su ne sana'arsa. Ya yi mana lissafin takarda da faranti da bango, muka harhaɗa kuɗi har da na adashen mahaifiyarta aka buga kwafi 500. Da littafin ya fito duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ka ga wani ɗan akwati a wurin, babu lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, babu wanda ya karanta ya gyara ko da waƙafi ɗaya, da muka tambaye shi to su wa za su sayar mana sai ya ce ai shi aikinsa ya ƙare tun da ya ɗaure kwalaye. Kuma gaskiyarsa ce ta wani fannin, mu ne ba mu san bambancin mai buga maka littafi ka biya shi, da mai ɗaukar littafinka ya zuba kuɗinsa ya sayar ya riƙa ba ka kasonka ba. Kalma ɗaya muke kiran su da ita a baki, a nan ake yankan mutane.

Abun da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne, kwanaki ina dube-dube wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi sai na ci karo da wani ƙaton littafi mai suna Writers' & Artists' Yearbook, tsohon bugu ne har bangon ya fara rabuwa, na saye shi don arha. A Ingila ake fitar da shi duk shekara tun 1906. Amurka ma suna da irinsa, Writer's Market, wanda ya fara fitowa a 1921. Ba labari ba ne a ciki, kundin adireshi ne zalla: sunan kamfanin wallafa, inda yake, irin rubutun da yake karɓa da wanda ba ya so a kawo masa ko kyauta, ko babi uku na farko za ka turo ko duka littafin, sai jerin mujallu da jaridun da ke biyan marubuta, da gasanni, da kuma dillalan marubuta, wato mutanen da aikinsu kawai su nemo wa littafinka kamfani su yi ciniki a madadinka su cire la'adarsu, galibi kashi 15 cikin ɗari, kuma sai an saya suke samun ko kwabo. Na Amurkan ma har yakan nuna nawa mujalla kaza take biya da tsawon lokacin da za ka jira amsa. Ga kuma bayanai kan yadda ake rubuta wasiƙar gabatar da littafi da yadda ake karanta kwantiragi kafin a sa hannu. Na kwana ina juya shafuka ina cewa yanzu da Hausa ce wannan da kuɗin adashen baiwar Allah nan bai tafi a banza ba.

Su ma can ba wai babu macuta ba ne, akwai su birjik, shi ya sa tun 1998 wasu marubuta a Amurka suka kafa wani abu da suke kira Writer Beware, ba su da aiki sai fallasa kamfanoni da dillalan bogi masu karɓar kuɗin marubuci da alkawarin za su mai da shi shahararre. Ƙa'idar da suke ta nanatawa mai sauƙi ce, in dai kamfanin wallafa ne na gaske to kuɗi daga wajensa yake zuwa hannun marubuci, ba daga aljihun marubuci zuwa wajensa ba.

Na san abun da wani zai ce, don wani abokin aikina ya riga ya faɗa min a ofishin malamai, wai kundin me za a yi alhali kamfanonin ma babu su, in ka cire masu buga littattafan makaranta sauran nawa ne ke karɓar ƙagaggen labari na Hausa su biya? Toh ban musa ba, ba su da yawa, kuma manyan da ake ji a ƙasar nan irin su Cassava Republic a Abuja ƙarfinsu a Turanci yake. Amma ai wannan ma bayani ne da ya kamata mai farawa ya sani tun kafin ya ɓata kuɗin mota. Sannan kasuwar rubutun Hausa ba ta taɓa zama a ofishin kamfani kaɗai ba. Tun shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya taso marubuta ne da kansu ke buga abinsu su kai wa 'yan kasuwa, wani a karɓa sai an sayar a ba shi, wani ya sayar da labarin gaba ɗaya a biya shi sau ɗaya shi ke nan ko an sake bugawa sau goma ba ruwansa, ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama su suka riƙa nuna wa na baya hanya. Wannan ilimin duk a ka yake da baki, dattawan harkar suna ta tafiya da shi, ba a rubuta ba.

Yanzu kuma kasuwar ta koma cikin waya. Marubuciya za ta fara sakin labari kyauta a WhatsApp ko Wattpad ko Facebook, in ya ɗauko daɗi sai ta ce daga nan na kuɗi ne, a tura ta akawun ko katin waya a turo shaidar biya a saka ki a gurup, kafin gari ya waye wata ta kwafe ta watsa a wasu gurup ɗin, shi ya sa za ka ga saman kowane shafi an jera Allah ya isa. Akwai manhajojin sayar da littafi, akwai masu tashoshin YouTube da ke karanta littattafai da murya, wasu su sayi izini wasu su ɗauka kawai, akwai gidajen rediyo masu shirin karatun littafi, ga 'yan fim da ke neman labari musamman yanzu da finafinai masu dogon zango suka yi yawa, ga gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa da aka fara yi wa mata a 2016, ga bukukuwan littafi irin KABAFEST a Kaduna da HIBAF na adabin Hausa, ga rassan ƙungiyar marubuta ta ANA a jihohi. Duk waɗannan ƙofofi ne, amma yarinyar da ke zaune a Gumel ko Illela ko Maraɗi ta ina za ta san su, in ba ta yi sa'ar shiga gurup ɗin da ake maganar ba? Kuma nawa ake sayen labarin fim, nawa mai tasha ya kamata ya biya, na wata nawa ne izinin ko na har abada ne, babu mai faɗa, kowa yana ɓoye cinikinsa kamar kuɗin sadaki, mai saye ne kaɗai ya san farashin kowa.

Ni abun da ya fi ba ni haushi ma ƙananan abubuwa ne da layi biyu ya isa a bayyana su. Misali lambar ISBN a Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita, kuma doka ta ce mai wallafa ya kai musu kwafi 3 na abun da ya buga a ajiye. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, kuma an sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023. In a Kano kake akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i da ita ma take da ta cewa a kan littattafai. Ni da nake malami sai bayan mun yi asara na bi na san wasu daga ciki.

Ko gasar 1933 ɗin da muke ta alfahari da ita, ai sai da Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Fassara, ya tashi daga Zariya ya zaga garuruwa yana gaya wa malamai cewa ga abun da ake nema ga yadda ake so, sannan su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka rubuto. Da ba a kai musu labarin ba da wa zai aiko?

Toh Malam Edita ga roƙona, ba sai an jira gwamnati ko wani farfesa ya samo tallafi ba. Jaridarku ta ware ko rabin shafi ne sau ɗaya a wata, a riƙa kawo masu harkar ɗaya bayan ɗaya, a yi musu tambayoyi iri ɗaya kuma a buga amsar yadda suka faɗa: kai bugawa kake a biya ka ko wallafawa kake ka biya marubuci, kana da mai gyaran Hausa, injinka ya san baƙaƙe masu lanƙwasa, kana rubuta yarjejeniya ko da baki ne, kaso nawa kake bayarwa kuma yaushe, wa ke da littafin bayan shekara biyar. Wanda ya ƙi amsawa a rubuta ya ƙi amsawa, mai karatu ba yaro ba ne. In an shekara sai a tattara a yi ɗan littafi, a kuma saka a intanet yadda za a iya buɗewa ko da data ta ɗari biyu.

Amma fa abu biyu nake tsoro. Na farko kar ya koma shafin talla, duk wanda ya ba da na goro a rubuta shi amintacce, in haka za a yi gara a bar mu da lambar yaron ƙanin matata. Na biyu irin wannan kundin kamar tumatir yake, ba ya ajiyuwa. Wanda na saya a bakin titi na san da yawan adireshin ciki sun riga sun mutu, shi ya sa masu shi suke sabunta shi duk shekara. Ko kamfanin da ke fitar da Writer's Market sai da ya karye a 2019 Penguin Random House ta sayi ɓangaren littattafansa, yanzu marubutan can da yawa sun koma duba irin wannan bayanin a shafukan intanet kamar Duotrope da QueryTracker. Mu nan ma mun gani, manhajar OkadaBooks da marubutanmu da dama suka zuba littattafansu a kai ta rufe a ƙarshen 2023. Don haka dole a samu mutum ɗaya da aikinsa ne ya riƙa bugun waya yana tambaya har yanzu kuna nan kuwa, a kuma rubuta ranar da aka tabbatar a gefen kowane suna.

Ni dai a nawa ɓangaren, wahalar da muka sha ta sa na cika shafi huɗu na wani littafin rubutu da sunayen madaba'u da masu shagon littafi da masu taifin da suka iya Hausa, na Kano da Zariya da 'yan kaɗan a Katsina, da abun da kowa ya faɗa min da bakinsa. In kun amince za ku fara, ku sanar a wannan shafin zan kawo muku har ofis ku tantance da kanku. Ita kuwa ƙanwar tawa kwalayen suna nan ƙarƙashin gadon mahaifiyarta, mun sayar da abun da bai kai kwafi 60 ba, yawanci ma ɗalibaina ne suka saya don kunya. Ta fara na biyu a waya, jiya ma ta turo min babi na tara ta ce Yaya wannan karon ka bincika da kyau tukuna.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Wani malamin Hausa, daga Kano