Mai lalurar ƙwaƙwalwa yana da suna da sana'a kafin ciwon ya zo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan yadda muke kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa mai tsanani bayan an sallamo su daga asibiti, lokacin da dangi suke ganin aiki ya ƙare, alhali kuwa mafi wuyarsa yana gaba.

Ƙanina ya kwanta asibiti sau biyu saboda ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya. Magani ya yi aikinsa, muryoyin da yake ji suka lafa, barci ya dawo masa, muka gode wa Allah. Sai dai bayan wasu watanni na lura da abin da ya ɗaga mini hankali fiye da ciwon kansa: duk wanda ya zo dubiya mu yake tambaya yaya mai jiki, shi kuwa yana zaune a gefe yana jinmu. Mu muke amsa wa likita tambaya a madadinsa, mu muke yanke masa lokacin fita, har kayansa na gyaran rediyo muka kulle a akwati don kada ya ji wa kansa rauni. Da ƙauna muka yi duk wannan, amma mutumin da a da ake kiransa da sana'arsa ya koma marar lafiyar gidanmu kawai. Wata rana ya ce mini, muryarsa a sanyaye, shi fa bai san ko shi wane ne ba yanzu.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 24 ke fama da wannan ciwo, wato kusan mutum ɗaya cikin 300, kuma an daɗe ana ɗauka cewa wanda ya kamu da shi nasa ya ƙare. Binciken da Courtenay Harding da abokan aikinta suka wallafa a 1987 ya girgiza wannan zato. Sun bi sawun mutum 269 da suka daɗe a kwance a asibitin jihar Vermont ta Amurka, waɗanda aka fid da rai da su kafin a saka su cikin shirin koyon sana'a da komawa cikin jama'a, suka tarar cewa bayan kimanin shekara 30, daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku sun samu sauƙi ƙwarai ko sun murmure. Haka ma Patricia Deegan, wadda aka tabbatar mata da ciwon tun tana budurwa, ta kai ga digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam, ta kuma yi rubutu a 1988 a kan farfaɗowa daga bakin wadda ta ɗanɗana.

Abin da irin su Deegan, da William Anthony na Jami'ar Boston a 1993, suka jawo hankalin duniya a kansa shi ne cewa gushewar alamun ciwo daban, farfaɗowar mutum daban. Mutum yana iya ci gaba da shan magani har tsufansa, wani lokaci ma ciwon ya motsa, amma ya yi rayuwa mai ma'ana wadda yake alfahari da ita. Masu bincike a Landan sun nuna a 2011 cewa sake gina yadda mutum yake kallon kansa yana cikin ginshiƙai biyar na farfaɗowa, tare da cuɗanya da mutane, da sa rai, da ma'anar rayuwa, da riƙe ragamar al'amuransa. A ganina wannan ginshiƙin na yadda mutum yake kallon kansa ne dangi suka fi rusawa ba tare da sun sani ba.

Ba ina kira a ajiye magani ba ne, domin na ga abin da barinsa ke jawowa. Ina kira ne a bar majinyaci ya yi magana da bakinsa a gaban likita. Ranar da na kame bakina, ƙanina ya bayyana cewa maganin yana sa hannunsa rawa har ba ya iya riƙe ƙaramin sukurdireba, abin da mu ba mu taɓa ɗauka da muhimmanci ba. Likitan ya saurare shi, ya daidaita maganin, rawar ta ragu.

Ku ma 'yan jarida kuna da rabonku. Ina roƙon ku daina sa kalmar mahaukaci a kanun labarai, ku kuma riƙa neman waɗanda suka farfaɗo ku ji daga bakinsu idan sun amince, maimakon a tuna da su sai ranar 10 ga Oktoba, wato Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, ko ranar da wani abin takaici ya faru.

Mu dai mun buɗe akwatin nan. Rediyon farko ya ɗauke shi kwana uku, aikin da a da yake gamawa kafin rana ta take, kuma da mai rediyon ya zo karɓa, ni ya tarar a bakin ƙofa, amma sunan ƙanina ya kira ya ce a yi masa sallama da shi.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum