Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2022

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'aikatan rigakafi.

Taron wata-wata an yi shi kamar kullum, da fuskokin da aka saba gani.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne bitar haɗa allurar korona ta Pfizer. Mu da muka saba da ta ƙyanda da ɗigon shan inna, wannan ta zo mana da sabon salo, domin ajiyarta a sanyin digiri 60 zuwa 90 ƙasa da sifili ake yi, a irin firijin da ba mu da shi a ɗakunan shan maganinmu. Hajiyar da ta jagoranci bitar, Allah ya saka mata da alheri, ko kuɗin mota ba ta karɓa ba.

Da kwalabe marasa magani ta koyar, masu murfi shunayya, kowa ya riƙa da hannunsa. Ta ce a bar kwalba ta narke a firijin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8, inda za ta iya kwana 31, ko a ajiye ta a ɗaki minti 30 idan a take za a yi aiki da ita. Wadda ta narke kuwa ba ta komawa ƙanƙara har abada. Sai a kifa ta a miƙar a hankali sau 10. Nan aka sha dariya, don hannun da ya saba girgiza kwalbar penta, rigakafin yara na cututtuka biyar, sai da aka riƙa tsawata masa. Daga nan a zuba ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9, mililita 1.8 cif, a zuƙo iska daidai wannan adadin kafin a zare allura, a sake kifawa sau 10, a rubuta rana da lokaci a jikin kwalbar. Mutum 6 take yi wa, kowa mililita 0.3, kuma da ta cika awa 6 da haɗawa sai zubarwa. Ragowar kwalabe biyu ba a haɗa su don a cika sirinji. Shi ya sa muka tsayar cewa kada a haɗa sai an ga mutane zaune a benci.

Sai maganar batirin firiji mai aiki da hasken rana da muka yi alkawarin sauyawa. Ba a yi ba, kuma masu cewa kwamiti ya yi barci su zo su duba littafin ma'aji. Ko rabin mambobi ba su biya kuɗin wata-wata ba, farashi kuma ya tashi tsakanin lokacin da muka tambaya da lokacin da muka koma. Kulolin ɗaukar rigakafi zuwa ƙauyuka ma haka suka tsaya. Shayi da biredin ranar bita kansu daga aljihun mutum kaɗan suka fito.

Abin takaici, wasu da ba su zo bitar ba su ne suka fara kiran waya suna neman a sa sunansu a takardar shaida. Ba za a sa ba.

Mai bashi ya ga ma'aji kafin taron Janairu, don a ranar za a karanta sunayen waɗanda ba su biya ba.

Sakataren ƙungiya