Wasiƙa daga bakin kogin Vardar

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka sha yi mini tsiya wai na baro gida na zo karatun tarihin mutanen da ko sunansu ba ya faɗuwa a baki. To yau sai ka sha labari. Makon jiya na sauka Skopje, babban birnin Masedoniya ta Arewa, na zauna bakin kogin Vardar ina ta tunanin Milutin, sarkin Sabiya.

Shi ya ƙwace garin nan daga hannun Rumawa, wato mutanen Daular Rum ta Gabas, a 1282, shekarar da ya hau gado. Aka yi ta gwabzawa a kan iyaka shekara da shekaru, Rumawa suka kasa karɓo abinsu. Da sarkinsu Andronikos na Biyu ya ga ba sarki sai Allah, sai ya nemi sulhu ta hanyar aure. Jakadansa Metochites sai da ya yi sawu biyar zuwa Sabiya. Aka fara da ƙanwar Andronikos, Eudokia, bazawara, ta ce atafau ba ta yi. Sai ya ba da 'yarsa Simonida, mai shekara biyar kacal, ga mutumin da ya ba arba'in baya, ya kuma yi aure-aure. Shugaban cocin Rumawa ya nuna bai yarda ba, amma a 1299 aka ɗaura. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ga inda dabarar take. Ƙasar da Milutin ya ci da takobi, arewa da garuruwan Ohrid da Prilep da Štip, sai aka ce ai garar amarya ce. Ka ji fa! An ƙwace maka gona, ka fito kana cewa suruki ka ba. Sarkin Rum ya rufa wa kansa asiri, Milutin ya riƙe ƙasa.

Iyakar arewa ma surukuta ce ta shata ta. Wan Milutin, Dragutin, wanda ya bar masa sarauta bayan ya faɗo daga doki ya karye, 'yar sarkin Hangari yake aure, kuma ɗan'uwanta Ladislaus na Huɗu ya ba shi birnin Belgrade da yankin Mačva a 1284.

Idan guzuri ya kai, ina so in leƙa cocin Gračanica kusa da Priština, babban birnin Kosovo, inda aka zana Simonida a bango da kambi a ka. Yajin nan da ka yi alkawari kuwa, har yau shiru.

Naka har kullum.