Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana: Bazawarar Da Ke Cikin Labarinka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a Jidda. Mu nan Makka sai godiya. Ƙanwarka ta buga mini labarin fim ɗin da ka turo a takarda, domin idona ba ya jure karatu a waya, na kuwa karanta shi tas. Ka iya tsara zance, Allah Ya ƙara basira. Amma tunda ka ce in faɗa maka gaskiya, ga ta nan: matar da ke cikin labarin nan ba ka yi mata adalci ba.

Dubi yadda ka yi da yaron, wato jarumin labarin da ya faɗa hannun bazawarar. Mun san mahaifiyarsa, mun san bashin da ya ci kafin ya zo, har tsagewar da ke tafin ƙafarsa ka nuna mana. Ita kuwa bazawarar ba ta fitowa sai dare ya yi, ba ta buɗe baki sai da kwarkwasa, ƙanshin turarenta ke riga ta shigowa ɗaki. Ba ta da uwa, ba ta da ɗa. Ko sau ɗaya ba mu gan ta tana lissafin kuɗin haya ba. Me ya kashe aurenta? Kuɗin da take karɓa, ina take kai su? Ba ka tambaya ba. A ƙarshe ka sa mota ta bi ta kanta, shi kuma ya tafi Harami yana ɗawafi yana hawaye, shi ke nan. Shi da ya ɗebi jarin maigidansa da hannunsa, ya bar matarsa da tsohon ciki babu aike, ka wanke shi fes. Aikin da ka ɗauko ta ta yi ke nan: ta ɗauke masa kayan laifinsa ta mutu da shi.

Na san ba kai ka ƙago ta ba, tarar da ita ka yi. A 1915 wani kamfanin fim a Amurka ya fito da Theda Bara a matsayin macen da ke tsotse namiji ta yar. Don su ƙara mata kwarjini, sai suka baza cewa a Masar aka haife ta, alhali kuwa 'yar wani tela ce a Cincinnati. Ka lura da wannan sosai: da suka so a ji tsoron mace, sai suka jingina ta da wajajenmu. Daga 1934 kuma aka tsaurara dokar tace finafinai a can, wadda ta hana mai laifi ya tsira a ƙarshen labari. Masu fim suka samu riba biyu: a nuna ta a tara 'yan kallo, sannan a kashe ta a ce an koyar da tarbiyya.

Mu da muka tashi da finafinan Masar a talabijin, da ita muka girma. Akwai na Salah Abu Saif na 1956, Shabab Imra'a, inda Tahiyya Kariyoka ta fito a mai gidan haya da ta kama ɗalibin da ya zo Alƙahira karatu daga ƙauye. Ita ma mummunar mutuwa ta yi a wurin niƙanta. Amma ko ita tana da sana'a, tana da ma'aikata, kana ganin tsoron tsufa a idonta, abin da taka ba ta samu ba. A finafinan Indiya kuwa an raba aikin gida biyu, mai rawa a mashaya daban, ta kirki mai lulluɓi daban. Namu na Kano suka ɗauko, suka ƙara da kishiya mai bin boka da uwar miji mai baƙar aniya.

Na ga ka sa wani malami a labarin yana cewa kaidin mata mai girma ne. Babana, ka koma ka buɗe Suratu Yusuf da kanka. Maganar nan tana aya ta 28, kuma akasarin malaman tafsiri sun ce mijin matar ne ya faɗe ta, bayan ya ga rigar a yage ta baya. Gaskiya ne Annabi Yusufu, alaihis salam, ya nemi tsari daga kaidin matan nan. To amma tun a aya ta 5 mahaifinsa ya gargaɗe shi da kaidin 'yan'uwansa, kuma maza ne suka jefa shi rijiya, maza suka sayar da shi, maza suka kulle shi a kurkuku bayan sun ga hujja ƙiri-ƙiri. Ita matar Azizu fa? Alƙur'ani bai kashe ta ba. Ya bar ta har aya ta 51, inda ta tsaya gaban sarki ta ce yanzu gaskiya ta bayyana, ita ce ta neme shi. Laifinta bai ragu ba, amma an bar ta da baki da zuciyar da za ta iya komawa ga gaskiya. Haka a ƙissar Annabi Adamu, su biyun Shaiɗan ya yi wa waswasi, su biyun suka roƙi gafara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wadda ka zaɓa ka ɗora wa wannan hali: Bahaushiya, bazawara, mai sayar da abinci. Kai da aka haifa a garin nan, ka san yadda ake furta "Takari" a wani bakin. Ka san rawar da ake ba baƙar mace a wasannin Larabawa da yawa, ko 'yar aiki ko abin dariya. A gida Najeriya ma, in aka ce "'yar Kano-Jidda" ana yi ana taɓe baki. Ka tuna maƙwabciyarmu ta gidan sama, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana? Kafin kiran assalatu ta hura wuta, hantsi na yi tana gefen Shari'u Mansur da tiren funkaso da ƙullin yaji. Da dare ta zauna a tabarmata ta juye gwangwanin madara, tana miƙe riyal ɗai-ɗai a gwiwarta tana warewa: na haya, na makaranta, na adashi. Duk namijin da ya tsaya ya daɗe yana ciniki, ita ake zagi washegari, ba shi ba. Kai ma ka ci funkason nan. In fim ɗinka ya fita, 'ya'yanta na cikin masu kallo.

Ban ce ka mai da ita waliyyiya ba. Akwai miyagun mata, na zauna da wasu, na ga gidan da suka rusa. In kana so ta cuci yaron, ta cuce shi. Amma ka ba ta safiya, ka ba ta dalili, ka bar shi ya ɗauki rabonsa na zunubi da hannunsa. Matarsa ta gida ma ka sake duba ta, don daga farkon labari har ƙarshe ba ta yi komai ba sai kuka da "Allah Ya shirye shi". Wace mai tsohon ciki ce za a bari babu cefane ta zauna ba ta nemi mafita ba? Ko kitso za ta yi, ko ta tafi gidansu, ko ta kai ƙara wurin waliyyinta.

Sai a 2018 aka sake buɗe gidajen sinima a ƙasar nan bayan shekaru sama da talatin, bikin finafinai na Jidda kuma sai a 2021 ya fara. Ku ne 'yan fari, kuma 'ya'yan Hausawa a cikinku ba su da yawa. Abin da kuka nuna game da mu, da shi za a daɗe ana kallonmu. Ina kuma jiye maka wani abu na kusa: kana maganar aure, kuma namijin da ya saba raba mata gida biyu, shaiɗaniya da baiwar Allah, ranar da matarsa ta ɗaga murya sai ya ɗauke ta daga wannan gida ya kai ta wancan.

In ka samu hutu ranar Juma'a, ka shigo jirgin ƙasa ka zo. Na yi wa maƙwabciyar tamu magana, ta ce ta yarda ka zauna da ita ka yi tambayoyinka, da sharaɗin ba ɗaukar murya, ba hoto. Kada ka zo mata hannu biyu, ka riƙo mata ko turare ne. Babanku yana gaishe ka, ya ce ka je a duba tarin nan naka.

Wassalam.

Mahaifiyarka